Ƙuri'a 50 da 50: Yadda Majalisar Amurka Ta Ja wa Makamai Linzami



Idan ana tarihin makaman ƙare-dangi, mun saba jin sunayen shugabanni ne kawai, wane ya sa hannu, wane ya yi barazana. Yau za mu leƙa inda kuɗin ke fitowa, wato majalisa.

Tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa makamai biyu. Gwamnati ba ta kashe ko sisi sai majalisa ta ware shi a kasafi. Yarjejeniya da wata ƙasa kuma ba ta tabbata sai kashi biyu bisa uku na sanatocin da ke zaure sun amince.

A 1969 Shugaba Nixon ya kawo shirin Safeguard, na makamai masu linzami da za su kakkaɓo makaman Tarayyar Sobiyat tun suna sama. A ido, wa zai ƙi garkuwa? Amma masu adawa suka ce duk wanda ya ga abokin gabarsa ya yi garkuwa, mashi zai ƙara, kuma ƙera mashin ya fi garkuwar arha. Ga kuma shakkar ko na'urar za ta yi aiki ranar da ake bukatarta.

Ranar 6 ga Agusta, 1969, aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dattawa kan gyaran da Sanata Margaret Chase Smith ta kawo na hana shirin kuɗi. Aka tashi 50 da 50. Gyaran da bai samu rinjaye ba ya faɗi ke nan, shirin ya sha da ƙyar. Da sanata ɗaya ya sauya ra'ayi, da labarin ya canza.

Hujjar gwamnati ita ce tana bukatar shirin don ta samu abin ciniki da Sobiyat. Ranar 26 ga Mayu, 1972, Nixon da Brezhnev suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar taƙaita irin wannan garkuwa, kowace ƙasa wuri biyu kacal. Sanatoci suka amince da ƙuri'a 88 da 2. A 1974 aka rage zuwa wuri ɗaya.

Amurka ta gina nata a jihar Dakota ta Arewa, da makamai 100, bayan an narkar da biliyoyin daloli. Ya fara aiki sosai ranar 1 ga Oktoba, 1975. Washegari Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar rufe shi, bisa hujjar cewa makamai 100 ba za su tare ruwan makaman Sobiyat ba. A 1976 aka rufe.

Tsugune ba ta ƙare ba. Gwamnatin Reagan ta zo a 1985 da sabuwar fassarar yarjejeniyar, wadda za ta ba ta damar gwada makamai a sararin samaniya. Sanata Sam Nunn ya koma ya bi takardun muhawarar 1972, ya nuna a 1987 cewa ba haka aka gaya wa sanatoci ba lokacin da suka amince. Majalisa ta ɗaure kuɗin gwaji da tsohuwar fassara.

Sai dai ikon yana da iyaka. A Disamba 2001 Shugaba George W. Bush ya sanar da ficewa daga yarjejeniyar, ta mutu a Yuni 2002, ba tare da an nemi ƙuri'ar sanatoci ba. Tsarin mulki ya fayyace hanyar shiga yarjejeniya, ya yi shiru kan hanyar fita.

Mu da ke koyon rubuta tarihi, mu lura cewa jawabin shugaba yana faɗa mana niyyarsa, kasafi da sakamakon ƙuri'a kuwa su ke nuna abin da aka bari ya aikata. Nunn ma tsofaffin takardu ya karanta.

Tambayarmu ta mako: wanda aka nemi yardarsa wajen ƙulla alkawari, ya dace a warware ba da shi ba? Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa.