Matakan Kariya Daga Cutar Sanƙarau a Manyan Makarantu da Makarantun Kwana

Gabatarwa

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Arewacin Nijeriya na cikin yankin da cutar ta fi addaba a nahiyar Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Takan ɓarke ne tsakanin watan Disamba da Yuni, lokacin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, abin da ke sauƙaƙa wa ƙwayar cutar shiga jini. A shekarar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu da ita a ƙasar nan, sama da 11,000 suka rasu. A annobar 2017, wadda ta faro daga Jihar Zamfara, an rasa rayuka fiye da 1,100.

Dalilin da ya sa ɗalibai suka fi shiga haɗari

Ƙwayar cutar na yaɗuwa ta hanyar tari, atishawa da yawu. Mutum kan ɗauke ta a maƙogwaronsa yana cikin ƙoshin lafiya, ya kuma shafa wa na kusa da shi bai sani ba. Saboda haka ɗakin kwanan da aka cusa wa ɗalibai fiye da ƙima, aka kuma rufe tagoginsa don gudun sanyi ko ƙura, shi ne wurin da ta fi saurin bazuwa.

Alamomin cutar

Alamomi kan bayyana cikin kwana 2 zuwa 10 bayan kamuwa. Sun haɗa da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko farfaɗiya. Cutar na iya kisa cikin sa'o'i 24, kuma wasu daga cikin waɗanda suka warke kan kurumce. Muna jan hankalin ɗalibai da kada su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne su tsaya sayen magani a kemis.

Abin da muke buƙata daga hukumomin makarantu

1. A rage cunkoso a ɗakunan kwana da ɗakunan karatu, a bar tazara tsakanin gadaje, a buɗe tagogi domin iska ta riƙa zagayawa.
2. A tanadi ruwa da sabulu a ƙofar ɗakin cin abinci da banɗakuna.
3. A samar da ma'aikacin lafiya a asibitin makaranta dare da rana, tare da motar kai maras lafiya babban asibiti.
4. Da zarar an yi zargin cutar, a keɓe ɗalibin, a garzaya da shi asibiti, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko a kira hukumar NCDC a lambar kyauta 6232.
5. A rubuta sunayen abokan ɗakinsa domin likita ya duba su, ya ba su maganin kariya in da buƙata.

Idan har aka yanke shawarar rufe makaranta, wajibi ne a faɗa wa iyaye alamomin cutar, domin ɗalibi na iya isa gida lafiya lau, ciwon ya taso masa daga baya.

Abin da ya rataya a wuyan ɗalibai

A guji shan ruwa da kofi ɗaya ko cin abinci da cokali ɗaya, a rufe baki da hanci yayin tari. Wanda ya ga abokin ɗakinsa da zazzaɓi da ciwon wuya, ya sanar da malamin ɗakin kwana nan take, ko da tsakar dare ne.

Rigakafi

Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Nijeriya a 2011, ta karya lagon nau'in A. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar: A, C, W, X da Y. Muna kira ga iyaye da ɗalibai da su fito a duk lokacin da aka shelanta rigakafi, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.