Rawar tsoka da magungunan tsirrai na ɗaukewar al'ada

Rawar tsoka ɗan motsi ne da nama ke yi da kansa, galibi a fatar ido ko sha-raɓa. Wasu mata masu shan ƙwayoyin tsirrai bayan ɗaukewar al'ada kan koka da ita. Waken awara, wanda sinadarinsa ke kwaikwayon estrojin, ba a san shi da haddasa ta ba. Abin tsoro shi ne saiwar réglisse da ake zubawa cikin wasu haɗe-haɗen: yawanta na rage potasiyom, jini ya hau, tsoka ta raunana, bugun zuciya ya rikice. Shayi mai ƙarfi da rashin barci ma na jawo rawar. In ta zo da kasala ko faɗuwar gaba, a dakatar da maganin, a tafi wajen likita da kwalinsa a auna jini.