Tace Labarin Waƙar Amazing Grace Kafin Ya Shiga Kundin Sani

Amazing Grace tana cikin waƙoƙin coci da suka fi shahara a duniya. Wani mutumin Ingila mai suna John Newton ne ya rubuta ta. An haife shi a 1725, ya rasu a 1807. Labarin da ya fi yawo shi ne wai Newton kyaftin ne na jirgin bayi, guguwa ta kama shi a teku, ya tuba, nan take ya 'yanta bayinsa, ya zauna ya tsara waƙar. Labarin yana da daɗin ji, amma mai rubuta maƙala don kundin sani ba zai karɓe shi ba sai ya gwada shi da takardu.

Matakin farko shi ne jera shekaru. Guguwar ta auku a watan Maris na 1748, lokacin da Newton yake komawa Ingila daga gaɓar Afirka ta Yamma a jirgin Greyhound. Ba shi ne kyaftin ba, kuma kayan jirgin zinariya ne da hauren giwa da kakin zuma da itacen rini. Bayan tuban da ake magana ne ya zama kyaftin. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana sayen mutane a yankin Saliyo yana kai su ƙetaren teku. Littafin da yake rubuta al'amuran jirgi a ciki yana nan har yau, shi ne babbar shaida. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku a 1754.

Ya zama limamin coci a garin Olney a 1764. Ya tsara waƙar don wa'azin ranar sabuwar shekara ta 1773, a kan addu'ar Dawuda da ke Littafin Tarihi na Farko, sura ta 17. An buga ta a 1779 cikin Olney Hymns. Sai a 1788 ya fitar da ƙasidar da ya la'anci cinikin bayi a fili, shekara 40 ke nan bayan guguwar.

Mataki na biyu shi ne rarrabe abin da yake nasa da wanda ba nasa ba. Baitoci shida Newton ya rubuta. Baitin da aka saba rufe waƙar da shi yanzu daga wata waƙa aka aro shi, kuma ya bayyana haɗe da ita a littafin Uncle Tom's Cabin na 1852. Karin da ake rera ta da shi kuwa, wato New Britain, a Amurka aka haɗa shi da baitocin, cikin Southern Harmony na William Walker, wanda aka fara bugawa a 1835.

Mataki na uku shi ne zaɓen kalma, kuma a nan ɗalibin harshe zai fi lura. Idan aka rubuta "ya tuba ya bar cinikin bayi", jeren aikatan yana nuna abu biyun sun biyo juna kai tsaye. "Nan take" ƙarya ce, "daga baya" gaskiya ce amma tana ɓoye tsawon lokacin. Abin da ya dace shi ne a faɗi shekarun: ya tuba a 1748, ya ci gaba da cinikin har 1754. Labarin da ba shi da takarda kuwa, a sa masa "wai" ko "ana cewa".

Wannan ba tsanani ba ne. Kalma guda mara kyau tana shafe ɗaruruwan 'yan Afirka da Newton ya ɗaure cikin jirgi bayan tubansa. Su ma suna da haƙƙi a cikin maƙalar.