Kula da Lafiyar Karnuka a Birnin Kebbi da Argungu

A garuruwa da ƙauyukan kwarin Rima ana ajiye kare ne domin gadin gida, farauta da rakiyar garke. Mafi yawan masu shi ba su ɗauke shi a matsayin dabbar da ake kashe wa kuɗi ba, alhali rashin kula da shi na iya jawo asarar rai a cikin gida.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Don haka ake yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi idan ya cika wata 3, a riƙa maimaitawa shekara-shekara a wurin likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, tana sarrafa wannan allura. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti a ranar, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, ko mafi kusa. Jiran a ga abin da zai faru kuskure ne babba.

Ga masunta kuwa akwai ƙarin hattara. An tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, amma tun 2012 aka fara ganin cutar a jikin karnukan da ke bakin kogin Chari a ƙasar Chadi, kuma masana na danganta hakan da cin ɗanyen kayan cikin kifi. Ya kamata a binne su, kada a watsa wa kare.

Kaska, ƙuma da tsutsar ciki suna da magani mai sauƙi. Ruwan sha da inuwa wajibi ne, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

A nan ne karnukan ƙasashen waje da wasu ma'aikata ke shigowa da su suke shan wahala. Misali pug, ɗan ƙaramin kare mai asali daga ƙasar Sin, hancinsa a baje yake, ba ya iya yin haki sosai, kuma da haki ne kare ke rage zafin jiki. Kada a fitar da shi da rana, kada a bar shi ya yi ƙiba. A gaskiya karen gida ya fi dacewa da yanayinmu.

Ana kira ga uwayen ƙasa, hakimai da jami'an ƙananan hukumomi su riƙa sanar da ofishin likitan dabbobi duk karen da ya sauya hali, yana dalalar da miyau ko cizo ba dalili, tare da tunatar da jama'a a ranar 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya.