Su Wa Suka Zauna a Kufan Kan Duwatsu?

Wani mai sauraronmu, manomi daga Dalijan ta ƙasar Gwandu, ya aiko da takarda yana cewa yakan tono tsingaro da kashin maƙera a gonarsa ta kan tudu. Ya ce, shin su wa suka zauna irin waɗannan wurare, kuma yaya suka yi noma a kan dutse?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da kake tonowa alama ce ta kufai, wato wurin da mutane suka taɓa zama. Mutanen da sukan zaɓi kan dutse ne don tsaro, saboda daga can suna hango mahara tun daga nesa. Sau da yawa kuma akwai tama a kusa, wadda suke narkawa su ƙera fartanya da mashi. A Dutsen Dala na Kano, masana sun gano wurin narka tama da ya kai wajen ƙarni na 7, tun kafin a gina ganuwar birnin.

A nan Jihar Kebbi ma haka abin yake. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an haƙa wasu tuddai kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, aka sami tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara 1,000. Ga kuma Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. An bar shi wajen farkon ƙarni na 18, amma ganuwarsa ta dutse tana nan, har gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964.

Batun noma kuwa, dabara suka yi. Sukan jera duwatsu a gicciye a jikin gangare, hawa-hawa kamar matakala. In ruwan sama ya gangaro sai ya tsaya ya nutse, ƙasa da taki ba su tafi ba. A Sukur, cikin duwatsun Mandara na Jihar Adamawa, irin waɗannan gonaki na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta karrama wurin a 1999. Ka ga ke nan manomin da zaizayar ƙasa ta dama yana da abin koyi wurin kakanni.

Sai dai ga gargaɗi. Masana da gawayin da ke binne tare da tukunya suke auna shekarunta. Da zarar an tumɓuke ta an watsar da ƙasar, shi ke nan labarinta ya ɓace. Haka aka yi a shekarun 1990, lokacin da dillalai suka yi ta sayen kayan yumɓu na Nok da Kwatarkwashi suna fitarwa Turai. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta hana wannan ciniki.

Saboda haka in ka ci karo da irin wannan abu, ka bar shi inda yake, ka sanar da mai gari ko hakimi, su kai maganar gaba. Da fatan mai tambaya ya gamsu.