Audin Littafi: Mungo Park da Sunan Yauri

Bahaushe yana kiran yaron da aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa da suna Audi. Turawa ma suna da kalmar da ta faro daga nan, wato posthumous. A Latin asalinta na nufin ɗan ƙarshe, musamman wanda ya zo duniya uba ya riga ya kwanta dama. Daga baya aka shiga amfani da ita ga duk abin da ya fito da sunan mutum bayan mutuwarsa, littafi ne ko lambar yabo.

Akwai wani Audin littafi da ya shafi Yauri kai tsaye. A farkon 1806 Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotlan, ya iso Yauri cikin jirgin ruwa yana bin kogin Kwara. A nan tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi. Park ya wuce gaba, ya halaka a duwatsun ruwa na Busa.

A 1815 aka buga littafin tafiyarsa a Landan. Sai dai rubutun hannunsa ya tsaya ne a Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin Nuwamba 1805. Sauran labarin daga bakin Amadi Fatuma aka samo shi, shekaru bayan faruwar abin. Shi ya ce wani hakimi ya danne kyautar da Park ya bayar a kai wa Sarkin Yauri, sarki ya fusata ya tura mayaƙa Busa. Ba a ji ta bakin sarkin ba, Park kuma ba ya raye balle ya gaskata ko ya ƙaryata.

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardun Park. Sun yi makonni, suka tafi hannu rabbana. Tsohuwar Busa kuwa ruwan Kainji ya shanye ta a 1968.

Haka zargin ya zauna a littattafai da sunan mutumin da bai rubuta shi ba. Audi yana ɗauke da sunan ubansa, amma wasu ne suka rene shi. Don haka in ka ga an ce littafi ya fito bayan rasuwar mai shi, fara tambayar inda alƙalaminsa ya tsaya, da wanda ya ƙarasa.