TARIHIN KOGIN ELWHA: YADDA AKA RUSHE MADATSUN RUWA BIYU DON KOGI YA FARFAƊO

Mun saba jin an gina madatsar ruwa, gwamna ya je ya yanke kyalle. Yau za mu kawo muku tarihin inda gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi don ta rushe madatsar da kanta.

Elwha kogi ne mai tsawon kilomita 72 a jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka. Yana gangarowa daga duwatsun Olympic ya faɗa mashigin tekun da ke tsakanin Amurka da Kanada. Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilar Klallam ke zaune a bakinsa, kuma abincinsu da ibadarsu duk sun rataya ne a kan kifin salmon. Shi wannan kifi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sannan ya dawo inda aka haife shi ya yi ƙwai ya mutu. An ƙiyasta cewa kusan 400,000 ke haurowa kogin a shekara, wasu nauyinsu ya kai kilo 45.

A 1910 wani ɗan kasuwa, Thomas Aldwell, ya fara gina madatsa don samar wa garin Port Angeles wutar lantarki. A 1912 gindinta ya ɓalle, ruwa ya yi ɓarna a ƙasa, aka sake gyarawa, aka gama a 1913. Dokar jihar ta wajabta a bar wa kifi hanyar haurawa, amma ba a bari ba. Sai aka yarda a gina wurin ƙyanƙyasar kifi a madadi, shi ma aka rufe shi a 1922. A 1927 aka ƙara ta biyu, Glines Canyon, mai tsayin mita 64. Kifin da ke da dukan kogin ya koma yana da kilomita 8 kacal. Yakan zo ya taru a gindin bango, babu hanya. Kafin ƙarshen ƙarnin, abin da ke dawowa bai wuce dubu kaɗan ba. Tafkin ya kuma binne wurin da Klallam suka yi imani nan ne asalinsu. Da za a yi aikin, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Haƙuri suka yi, amma ba su yi shiru ba. A 1986 suka shigar da buƙata gaban hukumar da ke ba madatsu lasisi cewa a rushe su, ƙungiyoyin kare muhalli suka mara musu baya. Lissafi ma ya sauya, domin wutar da madatsun ke bayarwa ta koma wani ɓangare ne kawai na abin da masana'antar takarda guda ɗaya ke buƙata. A 1992 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar farfaɗo da kogin. Duk da haka sai a 2000 gwamnati ta sayi madatsun, sai kuma Satumban 2011 aka fara rushewa. Ta farko ta kau a 2012, ta biyu a Agustan 2014.

Aikin bai tafi sumul ba. Laka da yashi da tsakuwa kusan tan miliyan 30 ne suka taru a bayan bangayen. Da suka fara gangarowa sai suka toshe matatar ruwan Port Angeles, dole aka dakatar da aiki kusan shekara guda. Daga baya ambaliya ta cinye hanyar mota da wuraren da masu yawon buɗe ido ke kafa tanti. Amma yashin nan ne ya gina sabuwar gaɓa a bakin teku, inda kaguwa da tsuntsaye suka dawo. Kifi ya haura ya wuce inda bangayen suke. Gawarsa bayan ya yi ƙwai ita ce abincin mikiya da namun dawa, ita ce kuma takin itatuwan bakin kogi. A 2012 wurin nan mai tsarki na Klallam ya fito daga ƙarƙashin ruwa, kuma a 2023 suka sake yin su a kogin, bayan an hana kamun kifi tun 2011.

Akwai wasu da suka ci moriya: masu wasan tuƙa ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya a ruwa mai gudu da kumfa tsakanin duwatsu. Inda a da tafki ne kwance, yanzu ruwa na gangarawa da ƙarfi, suna bi. Abin ya fi fitowa fili a kogin Klamath, tsakanin jihohin Oregon da Kalifoniya, inda aka rushe madatsu huɗu daga 2023 zuwa 2024. A 2025 matasan ƙabilun yankin, bayan sun koyi tuƙin, suka bi kogin daga sama har teku, tafiyar kusan kilomita 500 cikin wata guda.

Me ya sa muka kawo wannan? Da yawa daga cikinmu da ke ci-rani a kudu mun fito ne daga garuruwan da ke ƙasan madatsu. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka ji a jikinsu. Ba muna cewa a rushe Tiga ba, domin Kano na shan ruwanta, manoman rani na Kadawa da Kura na ci da ita. Abin da Elwha ta nuna shi ne kogi na iya farfaɗowa idan aka ba shi ruwansa a kan lokaci, kuma mutanen ƙasan madatsa suna da haƙƙin a zauna da su kan yadda ake sakin ruwa. Klallam ba su da yawa, amma sun yi shekara 25 suna bin magana ɗaya daga ofis zuwa majalisa har aka fara fasa bango.

Duk wanda garinsu ke bakin Haɗeja ko Yobe ko Rima, ya tambayi dattawan gida yadda kogin yake a da, ya rubuto mana. Allah Ya albarkaci ruwayenmu, amin.